Sharhabilu Sai-Gobe da Motar Dakta

Mutumin Lajawa ne, amma a Wudil ya yi suna, kuma da farko sunan ba na yabo ba ne. Direbobin tasha ne suka laƙaba masa Sai-Gobe, wai duk fasinjan da ya shiga motar Sharhabilu da niyyar zuwa Kano yau, gara ya yi wa iyalinsa sallamar kwana biyu. Ƙarin gishiri ne irin na 'yan tasha, don abin da ke tsakaninsa da masu gudun ceton rai a wannan hanya bai fi minti goma ba. Amma laƙabi in ya kama mutum ya kama shi. Har matarsa Saudatu, in ta so tsokanarsa, da shi take kiransa.

Dogo ne siriri mai ƙaramar murya, kuma ba ya zama a sitiyari sai ya cire takalmin ƙafarsa ta dama. Yakan ce ta tafin ƙafa mota ke gaya wa direba abin da ke damunta. A kan tarakta ya koyi tuƙi, a ofishin gona, yana saurayi. Tarakta kuwa ba ta koya wa kowa gaggawa, don in ka matsa mata kunyar gona ta karkace, mai gona ya bi ka da magana har gida. Daga nan ya sami wata tsohuwar Fijo ta wani ɗan kasuwa, ya shiga jigilar fasinja tsakanin Wudil da Kano.

A wannan aiki ƙarshen mulkin soja ya same shi. Duk wanda ya ga lokacin bai manta da layin mai ba. Mutum zai ajiye mota a gidan mai ranar Litinin, ba zai ga bakin famfo ba sai Laraba, in ma layi ya kawo kansa kafin a ce man ya ƙare. A nan Sharhabilu ya koyi lallaɓa tanki. Ya gane cewa in ya hango gada daga nesa ya ɗage ƙafa, motar za ta kai kanta, bai ɓata mai ba, bai ɓata burki ba. Ya gane cewa tayar da ba ta ƙoshi da iska ba ita ma mai take sha. Cikon tankin da abokansa ke yin sawu huɗu da shi, shi yakan yi biyar, wani lokacin har da ɗan saura. Sukan wuce shi a hanya suna ɗaga masa hannu suna dariya, amma in sun koma layi shi yana kan aiki.

Da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, gari ya cika da sababbin manya da sababbin motoci. Wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe ya sa a nemo masa direban da bai taɓa yin haɗari ba, aka ce ai sai Sharhabilu. Aka ɗinka masa kaftani biyu, aka damƙa masa makullin motar da ko ledar kujerunta ba a cire ba. Saudatu ta yi murna ƙwarai, don a unguwa an fara kiranta matar direban Onarabul, ana gaishe ta da ɗan rusunawa.

Wata uku aikin ya yi. Maigidan mutum ne mai son ayari da jiniya, ayari kuwa ba ya tafiya sai da gudu. Wata Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci, suka taso daga Kano za su wuce wani taro. Suna saukowa daga gada suka tarar titi ya cika maƙil da mutane da shanu da masu tura kura. Motocin gaba suka kutsa da jiniya, jama'a na tarwatsewa. Sharhabilu ya sassauta. Maigidan ya ce masa daga baya ya taka ta, ya sake faɗa, karo na uku ya faɗa da tsawa.

“Ranka ya daɗe, a yi haƙuri,” in ji Sharhabilu, idonsa na kan titi. “Ƙafata ba za ta iya ba a cikin mutanen nan.”

Haka ya ratsa kasuwar a hankali har suka isa. Washegari aka aiko aka karɓi makulli, kaftanin dai aka bar masa. Kwana biyu Saudatu ba ta yi masa doguwar magana ba. A na uku ta ajiye masa tuwo, ta zauna a gefen tabarma, ta ce ta yi tunani, gara ya dawo mata da ƙafarsa babu aiki da a kawo mata shi a kwance a bayan motar wani.

Ba a daɗe ba aka buɗe jami'a a Wudil, aka nemi direbobi. Ya kai takardunsa, Allah ya sa ya dace, aka ba shi a-kori-kurar sashen noma. Fiye da shekara goma yana kai malamai da ɗalibai gonakin gwaji. A cikin shekarun nan babu hanyar ƙauyen da bai sani ba daga Indabo zuwa Achika. Ya san inda yashi ke kama taya da rani, ya san inda laka ke riƙe mota da damina, ya san burtalin da ke ɓullewa da wanda ke ƙarewa a gonar mutane.

A nan ya haɗu da Dakta Yusra. 'Yar Zariya ce, ta dawo daga karatu a ƙasar waje, aikinta a kan irin dawa yake. A ranakun aiki tana zaune a Wudil da 'ya'yanta biyu, ƙarshen mako kuma ta tafi Hotoro a Kano, inda mijinta yake aikin gwamnati. Mace ce mai zafin nama, tana tafiya kamar ana jiranta, tana magana kamar lokaci zai ƙure. Saboda wannan zirga-zirga ta sa aka kawo mata mota daga Kwatano, irin wadda ake kira haibirid. Tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da babban batir a bayan kujerar baya wanda ke tura ta da lantarki. Dillalin ya rantse mata cewa motar nan shinshinar mai kawai take yi. A lokacin babu irinta ko ɗaya a Wudil.

Bayan wata biyu Dakta ta fara ƙorafi. Ta ce an cuce ta, don motar tana shan mai kusan kamar tsohuwar da ta sayar. Wata safiya ta miƙa wa Sharhabilu makulli, ta roƙe shi in ya sami sarari ya kai ta garejin Isyaku a duba.

Yakan ba da labarin wannan rana yana yi wa kansa dariya. Ya shiga, ya nemi ramin makulli bai gani ba, sai maɓalli. Ya taka burki ya danna, fitilu suka kama, amma babu ƙara. Ya jira, shiru. Ya ɗauka ba ta tashi ba, ya sake dannawa, ashe kashe ta ya yi. Sau uku yana haka, gumi ya fara keto masa, mutumin da ya shekara talatin a sitiyari. Daga ƙarshe ya ce bari ya sa giya ya gani. Yana ɗage ƙafa motar ta sulale kamar a kan ruwa. Ya yi bisimilla ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Isyaku bakanike ne mai gaskiya, amma bai taɓa buɗe irin wannan ba. Ya leƙa, ya ga manyan wayoyi masu launin ruwan goro, ya ja da baya. Ya ce a ganinsa batirin ne ya mutu, kuma ya ji ana cewa a Kano akwai masu taɓa irin waɗannan. Sharhabilu ya ce a dakata tukuna.

Abin da ya sa ya ce a dakata shi ne wani ɗan allo da ke gaban direba. Bai iya karanta Turancin da ke jiki ba, amma akwai hoton inji, da hoton batir, da hoton taya, da kibiyoyi masu yawo a tsakaninsu. A hanyarsa ta zuwa gareji ya lura cewa in yana tafiya a hankali kibiya daga batir take fitowa, injin kuwa barci yake yi. In ya danna totur da ƙarfi injin ya farka da gurnani. In kuma ya ɗage ƙafa, ko ya taɓa burki a hankali, sai kibiyar ta juya, daga taya take komawa cikin batir. Wannan na ƙarshen ne ya tsaya masa a rai. Duk rayuwarsa ya san burki a matsayin asara, man da ka ƙona ka yi gudu sai ka zubar da shi a ƙasa. Ga mota nan tana tsince abin da ake zubarwa. Maimakon ya mayar da ita kai tsaye, sai ya bi da ita ta cikin gari, ya hau gada ya sauko, ya sake hawa ya sauko, yana kallon allon kamar mai bitar karatu.

Da ya koma ofis ya tarar da Dakta tana duba takardun ɗalibai. Ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, sannan ya ajiye makulli a kan tebur.

“Dakta, in ba za ki ji haushi ba, nawa allurarki ke kaiwa a hanyar Kano?”

Ta ce ɗari da ashirin, in hanya ta buɗe da talatin.

“To motar lafiyarta ƙalau. Ba a ba ta damar yin aikinta ba ne.”

Ta ajiye biro ta dube shi. Da wata ce, da ta ɗauki abin raini ne, a ce direba na koya mata tuƙi. Ita kuwa aikinta ke nan, ba ta yarda da magana sai an gwada. Ta ce to a auna. Ranar Asabar suka cika tanki har baki, ta tuƙa zuwa Hotoro ta dawo yadda ta saba, esi mai sanyaya mota a ƙure, shi yana gefe yana ta salati a zuci. Suka koma famfon da suka sha, motar ta ɗauki lita shida da ɗoriya. Asabar ta gaba shi ya tuƙa. Bai bar allura ta wuce tamanin ba. In ya hango cunkoso a Mariri tun daga nesa yake sakin totur, ya iso da sauran numfashi maimakon ya zo ya ci burki. Da suka koma famfo, lita huɗu ba ta cika ba. Abin da ya ƙaru a tafiyar minti goma sha biyu ne zuwa, kusan haka dawowa.

Dakta ta daɗe tana kallon lambar da ke jikin famfon. Sannan ta bayyana masa dalili irin na masu karatu. Ta ce iska ce, in ka ninka gudu ƙarfin da take tura ka baya ninkawa yake sau huɗu, batirin kuma ba zai iya wannan kokawa ba, dole injin ya ɗauki nauyin duka. Sharhabilu ya ce lissafin bai san shi ba, amma duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta taga ya san da maganar.

Daga nan, duk Asabar ɗin da ba shi da aiki, shi yake kai ta Kano, kuma kowace tafiya sai ya ƙaro sani. Ya gano cewa gosulon kasuwar Juma'a, wanda ke cinye man kowace mota, wannan ba ya yi mata komai, sai dai in an daɗe a tsaye da esi a kunne har batir ya yi ƙasa, injin ya tashi don ya cika shi. Ya gano cewa gajeriyar tafiya da sassafe, daga gida zuwa makarantar yara, ta fi kowace tafiya sha, domin injin ba ya yarda ya kwanta sai ya yi ɗumi. Ya gano wata 'yar ƙofar iska a gefen kujerar baya, wadda yaran ke toshewa da jakar makaranta, ashe ta nan batirin ke shan iska. Ya roƙi uwar ta hana su.

Ba kullum ne ya yi daidai ba. Akwai ranar da Dakta ke da muhimmin taro a Kano, ya ƙi ƙara gudu ko kaɗan, suka tarar wata tirela ta gitta a hanya, ta shiga taron an yi nisa. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba, shi ma bai kare kansa ba. Abin da ya yi shi ne, daga ranar yakan iso ƙofar gidanta rabin awa kafin lokacin da ta faɗa, ya zauna a kan dakali yana jan carbi, har ta gaji ta koyi shiri da wuri. Akwai kuma ranar da shirun motar ya kusa jawo masa abin da ya guje wa duk rayuwarsa. A bakin kasuwa wani dattijo mai sayar da rake ya ja da baya bai ji zuwansu ba, gaban motar ya taɓa masa ƙafa. Bai ji ciwo ba, har yana cewa wannan ai kyanwa ce ba mota ba, amma Sharhabilu ya fito, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Tun daga lokacin, in zai ratsa mutane sai ya sauke gilas yana tafe yana sallama da murya.

Bazarar shekarar dubu biyu da goma sha shida wahalar mai ta dawo kamar ta da. Gidajen mai suka ɗaure ƙofofinsu da igiya, 'yan bumburutu ma sai wanda suka sani. A-kori-kurar sashen noma ta yi mako uku a ƙarƙashin bishiya, tankinta a bushe. Wannan kuwa ya zo daidai lokacin da Dakta ta kai ƙarshen aikin shekara huɗu a kan wani irin dawa mai jure wuta-wuta, ciyawar nan da ke shanye dawa tun tana ƙarama. Manoma sittin a ƙauyuka shida na Lajawa da Indabo da Achika sun yarda su gwada, kowa ya ware kunyoyinsa. Irin yana wani sito a Kano. In ruwan shuka ya sauka bai isa hannunsu ba, za su shuka wanda suka saba, shekarar ta wuce ke nan.

A tankin motar Dakta akwai abin da bai fi lita goma sha biyu ba. Ta tambayi Sharhabilu ko zai isa. Ya nemi wani tsohon buhun siminti, ya zana ƙauyukan shida da gawayi, ya ja hanyoyi, ya goge wasu, ya sake ja. Sannan ya ce in Allah ya yarda zai isa, amma da sharaɗi. Babu esi. Babu kayan da ba dole ba. Kowace rana za a fara da ƙauye mafi nisa don injin ya yi ɗumi sau ɗaya, sannan a riƙa tsayawa a hanyar dawowa. Kuma shi zai zaɓi hanya. Ta yi masa alkawarin haka.

Ranar farko suka ɗauko irin daga Kano, ƙulli sittin, bai wuce saba'in ba a hanya saboda nauyi. Rana ta biyu suka gama da ɓangaren Lajawa, ta uku Indabo. Zafin watan Mayu ne, irin wanda kujera ke ƙona baya. Dakta ta jiƙa gefen mayafinta da ruwa tana goge fuska, ba ta yi ƙorafi ba. Duk inda suka tsaya sai ya nemi inuwar tsamiya ko ta darbejiya ya ajiye motar, ya bar tagogi a buɗe, wai batirin ma yana jin abin da suke ji.

Rana ta huɗu saura ƙauyuka biyu na ɓangaren Achika. Suka ɗauki Ɗantani, malamin gona na yankin, wanda manoman suka sani. Sun gama da na farko bayan azahar, sai iska ta canja, gabas ta fara duhu. Ɗantani ya dubi sama ya ce wannan hadarin ba na wasa ba ne, in ya sauka yau gobe da safe kowa zai fita shuka. Ya ce akwai yanke ta cikin wani busasshen rafi, kilomita takwas, da babur yakan bi kullum. Hanyar burji kuwa ta zagaya, ta kai goma sha bakwai. A allon gaba, layin mai ɗaya ne ya rage.

A nan ne Dakta ta karya alkawarinta. Ta ce su bi yanken, kuma ya ƙara wuta.

“Baba, don Allah,” in ji ta. “Shekara huɗu ce a cikin but ɗin motar nan.”

Sharhabilu ya tsayar da motar a mararraba. Ya juyo ya dube ta, abin da ba ya yi in yana sitiyari.

“Dakta, na san rafin nan. Babur daban, wannan daban. A cikin yashi injin ba zai kwanta ba ko minti ɗaya, takwas ɗin nan sai ta sha fiye da goma sha bakwai. Ga ta kuma cikinta a ƙasa, da kaya. In ta kafe, ba mu ga Achika ba, ba mu ga Wudil ba, ruwa kuma ya zo ya same mu a cikin rafi. Ki bar ni in zagaya.”

Ta dubi hadarin. Ɗantani ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta ce, “Yadda ka gani, Baba.”

Ya bi burji a kan arba'in, wani wurin talatin. Ya san kowane rami kafin ya iso shi, don haka bai ci burki ba ko sau ɗaya. In hanya ta ɗan gangara sai ya saki totur, injin ya yi tsit, ba a jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya da iska a cikin karan bara. Dakta ta ce daga baya ba ta taɓa jin tafiyar da ta yi mata tsawo kamar wannan ba, alhali minti talatin ce.

Sun iso ana idar da la'asar, mutane na fitowa daga masallaci, wanda ya sauƙaƙa musu neman kowa. A ƙarƙashin rumfar mai unguwa aka yi rabon. Ɗantani na kiran suna, Dakta na bayanin tazarar shuka da ƙarfi saboda iska, Sharhabilu na miƙa ƙulli. Saura mutum biyu ɗigon farko ya faɗo a kan kwano. Kafin su rufe but, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Suka jira ya tsagaita, suka kamo hanya. Burjin ya yi santsi, laka na riƙe taya, injin ya ƙi kwanciya. Layin man nan ɗaya ya fara ƙiftawa. Sharhabilu ya ci gaba har ya ga gonakin bakin kogi, sannan ya gangara gefe ya kashe motar, saura kilomita biyar ko shida su shiga gari. Dakta ta ce ai ƙila ta kai. Ya ce ƙila, amma ya ji an ce irin wannan in ta shanye mai ƙaf aka ci gaba da jan ta da batir, tashinta sai an sha wuya, shi kuma ba zai gwada da motar amana ba. A lissafinsa bai sa laka ba, ya ce, laifinsa ne.

Ya naɗe ƙafar wando ya nufi wata bukka a cikin lambu. Mai lambun, wani manomi da ake kira Auta, yana haɗa bututun injin ban ruwansa, don ruwan sama ya sallame shi daga aikin rani. Da ya ji abin da ya kawo su da kuma inda suka fito, sai ya karkata injin ya tsiyaye abin da ke ciki a gora, kusan lita ɗaya da rabi, suka tace da gefen rawani. Dakta ta yi ta yi ya karɓi wani abu, ya ƙi. Ya ce in irin ya yi kyau, baɗi a sa sunansa. Suka shiga Wudil ana kiran magariba.

Dawar ta yi kyau a ƙauyuka huɗu. A biyu ambaliya ta kwashe gonakin a watan Agusta, abin da ba ruwansa da iri ko direba. Shekara ta gaba manoma fiye da ɗari biyu suka nema, har da Auta.

Sharhabilu ya yi ritaya bayan shekara huɗu. A lokacin irin motar Dakta ta fara yawa, kuma da man fetur ya ƙara tsada sai ta zama abin nema. Malaman jami'a da ma'aikatan asibiti da suka saya sukan zo ƙofar gidansa da ƙorafi iri ɗaya da nata. Ba ya buɗe gaban mota, ba ya taɓa waya. Yakan ce su je Kano su dawo, mai motar na tuƙi shi yana gefe. A hanya ba ya yawan magana, sai dai ya ce saki, ko ya ce tun yanzu, ko ya nuna allo da yatsa. Wasu sun ɗauka, wasu sun ce ba za su iya wannan haƙurin ba, ya ce ba komai, kowa da abin da ya fi masa tsada, wani mai, wani lokaci.

Abin da ya raba shi da sitiyari yanar ido ce. Wata safiya yana tuƙa wani maƙwabcinsa, ya ga mutum a bakin hanya, da ya matso ashe kututture ne. Ya kai maƙwabcin inda za shi lafiya, ya dawo gida ya sa lasinsa a ƙasan akwati, bai jira kowa ya gaya masa ba. Da labari ya kai wa Dakta Yusra, wadda a lokacin ta zama farfesa, ta nemo masa likitan ido a Kano, ta ce kuma ita za ta kai shi da kanta. Ranar da za a yi masa aikin idon, Farfesa ta zo da wuri. Saudatu ta shiga baya da kwandon abinci, shi ya zauna a gaba. Sun ɗan taɓa hira har suka haye gada, daga nan ya yi shiru. Kafin su kai rabin hanya Saudatu ta leƙo ta ga kansa ya jingina da gilas, barci yake yi. Ta taɓa kafaɗar Farfesa ta yi mata nuni, ta raɗa mata cewa shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa ganin ya runtsa a motar da wani ke ja ba.

Aikin ya yi kyau a idon dama, na hagu bai dawo sosai ba. Ya koma Lajawa da zama, yana noma gonar gado, ranar Juma'a kuma ya shigo Wudil a motar haya ya ga jikoki.